Daminar da Kwaleji Ta Ari Sahabi

Ruwan shuka ya sauka mana a Bukkuyum ranar Talata da la'asar, irin mai zuwa da iska ya fara kwashe shanya kafin ya zuba. Ina cikin tattara kwanuka na ji samari sun cika zaure, ɗana Nasiru da abokansa, sun fake suna gardama a kan wani labari da suka gani a waya. Wai wata kwaleji a Amurka ta samu wani yaro ɗan ƙwallon kwando da kowace makaranta ke zawarci, shi ne suke ja-in-ja ko zuwansa zai tayar da ƙungiyar daga barci. Ɗaya ya rantse kofi ya riga ya zama nasu. Nasiru ya ce irin wannan mutum guda ya fi goma. Na tsaya da kwano a hannu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shiga hancina, raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin. Na leƙa zauren na ce, "Ku masu gardama, an tambayi wa za ya yi ma uban yaron noma bana?" Suka fashe da dariya, suka ce Inna ta fara. Ni ban yi dariya ba, na koma na ƙarasa kwashe kwanukana.

Abin da suka sani game da kawunsu Sahabi, yayana, shi ne dogon mutum mai furfura da ke sunkuyawa kafin ya shiga kowane ɗaki. Ba su san shi ma an taɓa zawarcinsa ba, zawarcin da ya kusa kashe mu da yunwa. Lokacin jiharmu sabuwa ce fil, ba a daɗe da cire ta daga Sakkwato ba, kowace makaranta na neman abin da za ta yi suna da shi. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Gwashi, ina 'yar shekara goma sha uku ko sha huɗu. Mu huɗu ne a gidan: Baba, Innarmu, Yaya Sahabi, sai ni. An haifi wasu tsakanina da shi, ba su zauna ba. Gonarmu mutum biyu ke riƙe da ita, Baba da Sahabi, kuma Baba ya fara gajiya.

Abin alfaharin Baba a duniya rumbunmu ne na ƙasa, dogo, mai faɗin baki a sama. Yakan ce tun da aka gina shi ba a taɓa ganin gindinsa ba, kullum sabon hatsi kan tsoho yake sauka. Da kaka, sauran gidaje sukan kafa tsani, wani ya hau, wani ya miƙa masa dami. Mu ba ruwanmu da tsani. Sahabi zai ture wa rumbu hularsa ta ciyawa da gora, ya ja baya, ya ɗaga damin gero ya wurga. Sai ka ga dami ya yi sama, ya karkato, ya shige bakin rumbu ko gefe bai taɓa ba. Ba ka jin faɗuwarsa, sai ɗan motsi shaa, don a kan hatsi yake sauka. Yaran unguwa kan zauna a kan katanga suna kallo har ya gama.

Wannan jifar ce ta jawo mana. Wata kaka wani mutum ya zo ƙauyen a kan babur gaida surukansa, ya ji ihun yara ya leƙo. Sunansa Malam Lawali, malamin wasanni a wata kwalejin kwana ta maza a wajen Gummi. Gajere ne mai tumbi, da usur rataye a wuya ko ina za shi, har masallaci. Ya tsaya baki buɗe har Sahabi ya jefa dami na ƙarshe, sannan ya nemi ganin maigida.

Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Inna na bayan zana tana ji, ni ina kusa da ita. Ya ce ƙungiyarsu ta ƙwallon kwando shekara da shekaru ita ce ta baya, duk wanda ya zo sai ya tattake su ya wuce. Ya ce baɗi za a yi gasar makarantu ta sabuwar jiha, kuma da yaro irin wannan guda ɗaya tak sai labari ya sake. Za a ɗauki Sahabi karatu kyauta, kwana da ci duk na gwamnati.

Baba ya ce, "Wace irin ƙwallo ta wagga?"

Malam ya kwatanta masa da hannu: ƙarfe ne zagayayye a kan dogon sanda, da raga, a jefa ƙwallo ta shiga ta sama ta fito ta ƙasa.

Inna ta ce daga bayan zana, ba ta ko rage murya ba, "To kwandon da bai da gindi, mi aka tarawa ciki?"

Malam ya yi dariya har da buga cinya. Sahabi bai yi ba. Ya gama ƙaramar sakandare ya zauna gida shekara biyu, littattafansa na cikin tukunya don gara, kuma ni na san yadda yake kallon 'yan makaranta in sun zo hutu. Ba zan ga laifinsa ba har abada. Baba ma ya gani a fuskarsa, shi ya sa bai ce a'a ba, abu guda kawai ya kawo.

"Malam, ni tsoho na. Shuka ban jin tsoronta, girbi ma akwai hutu. Noman hwari na matsala. In hatsi ya tsiro anka bar shi da haki, an gama. Wa ka kama min?"

Malam Lawali ya dafa ƙirji. "Baba, ƙarti ashirin gare ni, duk ɗiyan manoma. Asabar guda zan ɗebo su da motar makaranta, kahin azahar mun gama maka gonag ga. Kai dai a dama muna hura."

Baba ya ce to a yi fatiha a kai. Aka ɗaga hannu, aka shafa. A wurin Baba magana ta ƙare ke nan, domin shi bai taɓa jin an yi fatiha a kan abu an tashi ba.

Karatun kyauta ya fara da cin rumbu. Akwatin ƙarfe, katifa, kayan makaranta, takalmin roba na wasa wanda sai da aka aika Gusau kafin a samu daidai ƙafarsa, duk da hatsi aka yi su. Rani ya wuce, bazara ta zo da zafinta, irin wanda kaji ke buɗe baki a gindin randa. Rijiyar ƙauye ta ja baya, muka koma ɗibar ruwan tafki kamar kowace shekara, a tace da gefen zane a sha. Ruwan farko ya sauka, Sahabi ya samu izini ya zo aka yi shuka, ya koma. Sai ruwa ya ɗauke, rabin shukar ta ƙone, aka sake ɗibar iri a rumbu aka maimaita. Da ruwa ya dawo kuwa, da gaske ya dawo, gero da ciyawa suka taso tare.

A makon nan kurkunu ya kayar da Baba. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah ya raba su da shi. Idon sawunsa ya kumbura, ya yi bororo, ya fashe, farin zare ya leƙo. Yakan ce kamar an ɗora masa garwashi. Kowace safiya Inna ta zauna ta naɗe zaren a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, don in aka ja da ƙarfi ya tsinke a ciki, ƙafar rubewa take yi. Kafin na farko ya gama fita, wani ya ɓullo a ɗayar ƙafar. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi gona ya koma jan gindi zuwa bakin ƙofa yana kallon hadari.

Mamman, shugaban samarin gayya, ya zo duba shi. A ƙauyenmu gayya bi da bi ake yi, gidan da ke da saurayi a ciki shi ke da rana. Mu ba mu da kowa a ciki wannan shekarar, amma Mamman ya ce, "Baba, Sahabi ya sha yi muna aiki. In ka yarda, Asabar mai zuwa gonarka za mu hwara."

Baba ya yi masa godiya, ya sa masa albarka, sannan ya ce, "Ku ba wanda bai da kowa. Ni 'yan kwaleji na tahe ranar, Malam ya aiko direban motar kasuwa. An yi hwatiha."

Mamman ya ce to. Aka ba wani gida ranarmu, sunanmu ya koma can ƙarshen layi. Na daɗe ina jin haushin Baba a kan wannan, har na girma na gane ba girman kai ba ne. Gani yake in ya karɓi gayyar gari alhali an yi masa alkawari, ya ƙaryata mutum tun bai saɓa ba.

Ranar Alhamis Inna ta aro tsani, abin da ba ta taɓa yi ba sai da Baba ya kwanta. Ta hau ta leƙa rumbu, ta sauko. Sannan ta ɗaura mini igiya a ƙugu, ita da wata maƙwabciya suka zura ni ciki. Duhu da zafi da warin tsohon hatsi suka rufe ni, ƙwari na bin ƙafata. Ina jiran in ji na taka zangarniya, sai na ji tafin ƙafata a kan ƙasa mai sanyi. Ni ce mutum na farko da ya taka gindin rumbun nan tun da aka gina shi. 'Yan damman da suka rage suna jingine a gefe guda. Da lallaɓawa, da kunu maimakon tuwo, za su iya kai mu kusa da sabon gero. Inna ta ce in miƙo rabi. Daga ɗaki Baba ya ɗaga murya, "Akwai saura dai ko?" Inna ta ce, "Akwai." Ta kalle ni ta bakin rumbu, na gane ba a so in ƙara komai.

Juma'a gaba ɗaya a bakin turmi muka yi ta. Sussuka, sheƙa, surfe, wanki, daka. Matan maƙwabta suka shigo da taɓarensu, ana yi ana zolayar Inna wai za ta ciyar da 'yan boko, ta sa musu cokali. Wata Bafulatana da muka saba ta kawo nono ƙwarya biyu, aka auna mata hatsi. Aka yanka zakaranmu guda ɗaya. Inna ta ce ba za a ce ɗiyan mutane sun zo gonar uban Sahabi sun tashi da yunwa ba. Asabar tun da sassafe tuwo ya sauka, miyar kuka na ƙamshin daddawa, fura an cura ta an jera a ƙwarya. Muka kwashe zuwa gindin ɗorawar da ke tsakiyar gona. Baba ya ce sai an ɗora shi a jaki, ba zai yiwu baƙi su zo ba maigona. Aka ɗaure masa ƙafafu da tsumma don ƙuda, aka kai shi, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a.

Muka zauna. Rana ta ɗaga, ciyawa na sheƙi da raɓa, harkiya ta kai gwiwata, gero na leƙe a tsakaninta siriri. Daga can gabas muna jin gangar gayyar su Mamman a gonar da aka ba ranarmu. Duk ƙarar da ta taso daga hanya sai Baba ya gyara hula. Hantsi ya wuce. Azahar ta yi, ya yi taimama ya yi salla a zaune. Fura ta fara tsami, tuwo ya yi gumi, ƙuda suka same mu. Baba ya hana a taɓa komai, wai kada su iso a ga an ci an rage musu. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya sauko a kan tukwanenmu, muka rufe abin da za mu iya da faifai muka tsaya a gindin itace muna jiƙewa.

Muna hanyar gida, Baba a kan jaki rigarsa ta manne masa, sai ga motar kasuwa ta dawo daga Gummi. Direban ya leƙo da fara'arsa ya kwaɗa mana kira, "Albishirinku! An maida wasa yau, sun cinye 'yan Anka! Ɗanku shi kaɗai yay yi ta zubawa! Malam ya ce a gaya muku sai Asabar ta sama!"

Ya jira a ce masa goro. Ba wanda ya ce.

Furar nan yaran unguwa aka kira suka shanye kafin ta lalace. Tuwon muka yi ta ɗumame har ya fara yauƙi, sauran Inna ta shanya a rana ta daka. Abin da zai riƙe mu makonni ya tafi a yini guda, kuma ko fartanya ɗaya ba a sara a gonar ba.

Sai a lokacin muka fahimci yadda gasar take. Wanda aka ci shi ke komawa gida, wanda ya ci sai ya ƙara gaba. Wato duk ƙwallon da Sahabi ya jefa ta shiga, ƙara nisanta shi da gonar take yi. Asabar ta sama ta zo, Inna ta ce ba za ta hura wuta ba sai ta ga mota da idonta. Ba ta gani ba. Direba ya sake kawo albishir, sun ci wata makarantar. A kasuwa mutane na tare ni, "Ke ce ƙanwar Dogo? Kai, kun ji daɗi!" Ni kuwa da ganyen tafasa a ƙwarya za ni gida. Wata asuba na ji Inna bayan ta idar da salla tana cewa, "Allah ka sa a cinye su. Allah ka haɗa su da waɗanda sunka hi su." Na ce, "Inna, Yaya hwa kika yi ma mugun baki." Ta ce, "Ɗana nika so gida. Kohi ci akai?" Ina jin a duk jihar mu kaɗai ne gidan da ke roƙon Allah a ci ɗansu.

Muka aika direban ya gaya wa Sahabi Baba na kwance ƙafa biyu, gona na mutuwa. Ya rantse ya kai saƙon, amma a ƙofar makaranta Malam Lawali ya tare shi ya ce shi zai faɗa masa. Bai faɗa ba. Daga baya, da bakinsa, ya ce wai don kada hankalin yaro ya rabu. Shi kuma Sahabi kullum ce masa ake an aika gida, Baba lafiya lau, ya ce a bari sai an gama. Wannan ita ce ban yafe ba. Rashin zuwa gayya ana iya cewa wasa ne ya faɗo a ranar. Riƙe saƙon mara lafiya kuwa, zama mutum ya yi ya shawarta da zuciyarsa.

Inna ba ta taɓa riƙe fartanya ba tun da aka kawo ta gidan, matan gidanmu ba sa fita gona. Wata safiya ta ɗaura gyale a ƙugu, ta ɗauki fartanyar Baba, ta miƙa mini ta Sahabi wadda ƙotarta ta kusa kai tsawona. Baba ya juya fuska bango. Muka yi ta yi, daga fitowar rana har ta take tsaka. Hannun Inna ya yi bororo, ya fashe, ta naɗe da tsumma. Mu nome kunya biyar, ruwa ya sauka, kafin mu kai ta goma ta farko ta sake yin kore. Abincinmu ya koma kunu tsululu da safe, kwaɗon tafasa ko rama da rana, wani lokaci dusa a tankaɗe a tuƙa. In na sunkuya na ɗago sai gari ya yi mini duhu, kunnuwana na ƙara. Ga damina kyakkyawa, ko ina shar, kwaɗi na kuka, gonakin mutane gero ya rufe mutum, namu ya yi ja ya tsaya. Yanzu yaro ɗaya da tankin feshi a baya yakan kashe ciyawar gona irin wannan kafin azahar, kuma famfon burtsatse ya kori kurkunu. Wani lokaci in na ga ana feshin sai in tuna hannun Inna.

Su Mamman sun zo daga ƙarshe, da layi ya kawo kanmu, rabinsu ma kurkunu ya kwantar. Ba mu da abin ba su sai ruwa, suka ce ba komai. Sun yi aikin tsakani da Allah, amma geron ya riga ya tsumbure.

Addu'ar Inna a Gusau ta ci. Sahabi ne ya ba ni labarin bayan shekaru, don da farko ko sunan ƙwallo ba ya son ji. Ya ce tun da ya zo makarantar sauran yaran suka daina koyon komai. Malam abu ɗaya ya koya musu: duk wanda ƙwallo ta zo hannunsa ya ɗaga ta sama wajen Dogo. Filinsu jar ƙasa ce, sanda ɗaya ma a karkace, ƙwallo guda ce tal mai faci. A ƙananan makarantu hakan ya isa. A Gusau suka tarar da fili na siminti da yaran da suka shekara suna wasa tare, gajeru, masu miƙa wa juna ƙwallo kamar walƙiya. Suka sa mutum uku suka kewaye Sahabi, sauran biyun suka yi ta yawo da 'yan kwalejin. In ƙwallo ta faɗa hannun wani nasu sai ya tsaya yana neman Dogo, a fizge. Aka yi musu cin da 'yan kallo suka koma dariya. A cikin mota, a hanyar dawowa, Malam ya juyo ya ce, "Af, Sahabi, an ce tsohonka bai jin daɗin ƙahwa."

Gulbi ya kawo, mota ba ta ƙetarewa, da ƙafa ya ƙaraso. Bai fara shiga gida ba, ta gona ya biyo. Muna can ni da Inna muka hango shi, da akwatin ƙarfe a ka da takalmin roba rataye a wuya. Ya sauke akwatin, ya bi kunya yana shafa geron da bai wuce cinyarsa ba, a lokacin da ya kamata ya shanye kansa. Ya kalli hannun Inna. Bai gaishe mu ba, mu ma ba mu yi masa sannu da zuwa ba. Ya karɓi fartanyarsa daga hannuna ya duƙa. Daga ranar kullum shi ne farkon fita shi ne ƙarshen dawowa, har ya rame ya zama kamar gora. Amma lokacin noman fari in ya wuce ya wuce, ƙarfin mutum guda ba ya dawo da shi. Bai koma kwaleji ba, su ma ba su aiko ba. Na ji shekarar da ta biyo ƙungiyar ta koma inda take, ta baya.

Kaka ta zo. Baba ya tashi yana ɗingishi da sanda. Abin da muka girbe jaki ɗaya ya kwaso shi bai gaji ba, damman ma ƙanana, zangarniya kamar yatsa. Sauran tsohon hatsi kuwa tuni na sake shiga rumbu na share shi da tsintsiya har ƙwayar ƙarshe. Muna tsakar gida an jingine damman, sai muka ji babur. Malam Lawali ne, da usur ɗinsa, ya goyo wani mutum mai fararen kaya, wai daga ofishin wasanni na Gusau. Ya yi sallama da fara'a kamar jiya aka rabu. Ya tambayi ƙafar Baba, ya ce ai damina ce ta zo da hidima, in Allah ya kai mu baɗi gayya ba fashi. Sannan ya ce ya kawo babban baƙo ne ya ga jifar nan da idonsa, don ana son a ɗauki Sahabi ƙungiyar jiha.

"Dogo, ɗauko guda ka gwada mishi."

Sahabi ya tsaya kamar an dasa shi. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ji tsoron abin da zai yi. Baba ya sunkuyar da kai, shi ba ya iya wulaƙanta baƙo ko da baƙon ya kashe shi. Sai muryar Inna ta fito daga bayan zana.

"Jehwa musu, Sahabi."

Ya juya wajen zanar. Ta sake cewa, "Na ce ka jehwa."

Ya ture hular rumbu da gora, ya ɗauki dami ɗaya, ya ja baya, ya wurga. Dami ya yi sama, ya karkato, ya shige ko gefe bai taɓa ba. Sai muka ji dum! Ƙarar ta daki gindin rumbu ta dawo, ta yi amo a cikinsa kamar an buga ganga, ƙura ta taso ta bakin. Kajin maƙwabta suka watse.

Malam Lawali ya tafa. "Ka gani, ranka ya daɗe? Ka ga abin da nika hwaɗa maka?"

Baƙon bai tafa ba. Da alama shi ɗan manomi ne. Ya kalli rumbun, ya kalli 'yan damman da suka rage a jingine, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Inna ta ce, "Malam."

"Na'am, Inna."

"Bara da kaz zo yaj jehwa, ka ji wagga ƙara?"

Ya yi ɗan tunani, har yanzu da sauran murmushi a bakinsa. "A'a, bara ban ji ba."

"To bana ka ji. Ita ta kunka ciyo muna. Ku tahi da ita Gusau."

Ruwan Talata ya ɗauke kafin magariba, samarin suka watse da gardamarsu ba su gama ba. Nasiru ya shigo yana tambayata wai me ya sa na ɓata rai a kan ƙwallon da ake yi a wata duniya. Na ce ya je ya tambayi kawunsa me ya sa har yau, in za a zuba sabon hatsi, yake kafa tsani ya sauka da dami na farko a hannu ya ajiye a hankali.